Daga Wasiƙar Imam Umaru Zuwa Wayar Hannu: Yadda Zango Ke Kai Kukansa Ga Hukuma

A ƙarni na 19, madugun da ya taso da ayari daga Kano ko Katsina zuwa Gwanja yakan kwashe watanni a hanya kafin ya sauke kaya a Salaga. Yakan zo da kanwa da rinannun tufafi da jemammun fatu da dabbobi, ya koma da goro. A kasuwar nan kuma aka riƙa sayar da bayi, abin da tarihin garin ba zai iya ɓoyewa ba. To amma duk dukiyar da Bahaushe ya tara a Salaga, sunansa baƙo. Mulki yana hannun sarakunan Gwanjawa da ke Kpembe, ɗan taƙi kaɗan daga kasuwar, su kuma har zuwa 1874 suna ƙarƙashin Tonawa, wato Asante na Kumasi. Idan aka ƙwace wa farke jaki, ko aka tsawwala masa kuɗin fito, ba shi da ikon ya miƙe ya nufi fada da kansa. Sai ya gaya wa mai masaukinsa, mai masauki ya san bakin da zai bi, in kuma maganar ta yi nisa a nemi malami ya rubuta wasiƙa.

Tun daga wancan zamani har yau tambayar da ke gaban mutanen zango ɗaya ce: ta wace hanya maganarmu za ta isa kunnen masu mulki, kuma in ta isa, me zai sa su amsa? Manzannin ne suka yi ta sauyawa. Na baya-bayan nan shi ne wayar hannu, wadda ake ta yabo a duniya cewa ta rushe katangar da ke tsakanin talaka da gwamnati. Kafin mu karɓi wannan yabo, ya kamata mu waiwayi manzannin da suka gabace ta, mu ga inda suka ci nasara da inda aka rufe musu ƙofa.

Babban sunan da za a fara ambata shi ne Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda aka fi sani da Imam Umaru. An haife shi a Kano wajen 1858, ya zauna ya karantar a Salaga, ya rasu yana limamin Kete-Krachi a 1934. Cikin ayyukansa na farko akwai wani littafi na Larabci, Al-Sarhat al-Wariqa fi Ilm al-Wathiqa, wanda ya koyar da fasahar rubuta wasiƙa: yadda ake buɗe ta, yadda ake girmama wanda aka rubuta wa gwargwadon matsayinsa, da yadda ake shigar da buƙata. Ba banza ba malamin ya ɓata tawada a kan wannan fanni. A garin da fatake suka taru daga ƙasashe dabam-dabam, takarda ita ce shaidar da ba ta mantuwa, kuma wanda ya iya rubuta ta shi ne bakin jama'a. Sai dai wasiƙar wancan lokaci roƙo ce. Sarki ya ga dama ya amsa, ya ga dama ya ajiye ta ƙarƙashin buzu. Da rikicin sarautar Kpembe ya ɓarke a 1892, babu wanda ya nemi shawarar fatake, amma su ne suka kwashi kayansu suka watse zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da sauran garuruwa.

Turawa ma ba su nemi shawarar kowa ba. A 1888 Ingila da Jamus suka amince a tsakaninsu cewa yankin da ya haɗa Salaga da Yendi ba na kowa ba ne tukuna. A 1896 Jamusawa suka ci Dagombawa da yaƙi a Adibo suka shiga Yendi. A 1899 aka raba ƙasar a kan takarda, Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi ta faɗa hannun Jamus, har Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kori Jamusawa a 1914. A ƙarƙashin Turawa manzon zango ya zama Sarkin Zango. Shi ke tara haraji, shi ke sasanta ƙananan rigingimu, shi ke tsayawa gaban Bature da tafinta. Wannan tsari ya kare mutane daga wulaƙanci mai yawa, amma ƙofa ɗaya ce tak, kuma saƙon da ya fi bin ta daga sama yake saukowa. Mace mai sayar da koko, ko yaro mai dakon kaya a kasuwar Bawku, ba su da yadda za su yi maganarsu ta wuce zauren sarki in shi bai ɗauke ta ba.

Ƙuri'a ce ta fara ba kowane mutum bakinsa. Ranar 9 ga Mayu 1956, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ido aka tambayi mutanen Togo ta Ingila, har da na Yendi, ko suna so su haɗe da Gold Coast. Kimanin kashi 58 cikin 100 suka ce sun yarda, arewa kuma ta fi kowa goyon baya. A shekarun nan ne mutanen zango suka gwada shiga siyasa da sunansu, ta jam'iyyar Musulmi ta MAP da aka kafa a 1954. Abin da ya biyo baya darasi ne mai ɗaci. A 1957, 'yan watanni bayan samun 'yanci, gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Larden, manyan zangon Kumasi masu goyon bayan 'yan hamayya, zuwa Nijeriya. Sun garzaya kotu suna cewa su haifaffun ƙasar nan ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu ta kashe shari'ar. Kafin shekarar ta ƙare aka haramta jam'iyyun da aka gina a kan addini ko ƙabila ko yanki.

Bayan shekara 12 abin ya game kowa. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar Ghana. Dubun dubatar mutane suka karyar da gidaje da shaguna suka hau manyan motoci, cikinsu har da waɗanda aka binne cibiyarsu a nan, ba su taɓa ganin ƙasar da aka ce tasu ce ba. Dattawanmu da suka ga wannan rana sun fito da wata hikima wadda suka gadar wa 'ya'yansu: ka kama kasuwancinka, ka biya abin da aka ce ka biya, kada ka bari hukuma ta san sunanka. Wanda bai san 1969 ba, ba zai gane dalilin da ya sa har yau wasu gidajen zango ke ɗari-ɗari da duk wata rajista ba.

Sabuwar ƙofa ta buɗe a 1988, lokacin da gwamnatin PNDC ta kafa majalisun gundumomi guda 110, aka fara zaɓen ɗan majalisar unguwa, wanda muke kira asambiliman. Tsarin mulkin 1992 ya tabbatar da su, ya kuma wajabta a ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa a wani asusu na bai-ɗaya. Daga tsakiyar shekarun 1990 gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara bayyana. Hausa dama tana cikin harsuna shida na gida da gidan rediyon ƙasa ke watsa shiri da su, tare da Akan da Ga da Ewe da Nzema da Dagbani, amma a da rediyo ke magana mu kuma mu saurara. Da shirin kiran waya ya zo, sai ga talaka yana yi wa shugaban gunduma tambaya kai tsaye, gari duka yana ji.

Wayar hannu ta shigo Ghana a 1992 ta hannun kamfanin Mobitel, Spacefon ya biyo baya a 1996, amma ta daɗe tana abin manyan Accra da Kumasi. Mutanen Yendi sun san farashin rashinta. Daga 25 zuwa 27 ga Maris 2002, kwanakin da aka yi ta faɗa a kewayen fadar Gbewaa har aka kashe Ya-Na Yakubu Andani II da mutane da dama, layukan tarho na garin a mace suke, batun da hukumar bincike ta Wuaku ta tsaya a kansa daga baya. Gari yana ci da wuta, babu hanyar da mai gaskiya zai faɗa wa ƙasa abin da idonsa ke gani. Dokar ta-ɓaci ta biyo baya, har da umarnin a tace labaran Dagbon kafin a watsa. Cikin 'yan shekaru kaɗan lamarin ya juya. Rumfunan buga waya suka cika bakin tasha, sannan farashi ya faɗi, waya ta shiga aljihun mai shayi da mai kayan miya. Yau ba mai iya rufe bakin gari guda ta hanyar tsinke igiya ɗaya.

Gwaji na farko mai girma ya zo a zaɓen 2008. Gamayyar masu sa ido ta CODEO ta tura mutanenta rumfunan zaɓe da aka zaɓo daga ko'ina a ƙasa, kowa ya aika sakamakon rumfarsa ta gajeren saƙon waya zuwa cibiya a Accra, aka haɗa lissafi daban da na hukumar zaɓe. Zaɓen ya kai zagaye na biyu, ya ƙare a mazaɓar Tain ranar 2 ga Janairu 2009, Atta Mills ya ci da ratar ƙuri'a kimanin 40,000 cikin kusan miliyan tara. A irin wannan ƙunci, samun lissafi na biyu da ya dace da na hukuma yana cikin abubuwan da suka kwantar da hankali. A shekarar nan ce kuma matasan Kenya suka ƙirƙiro Ushahidi, inda jama'a ke aika labarin tashin hankali ta waya a zana shi a taswira. Darasin guda ne: saƙon mutum ɗaya iska ce, amma saƙonni masu yawa, masu tsari iri ɗaya, da wurin da ake tara su, sukan zama hujja.

Doka ma ta biyo sawu. A 2011 Ghana ta shiga ƙawancen ƙasashen da suka yi alkawarin gudanar da mulki a fili, wanda ake kira OGP, a 2016 kuma birnin Sekondi-Takoradi ya shiga sahun ƙananan hukumomin farko na duniya da suka ɗauki alkawarin da kansu. Dokar mulkin gundumomi ta 2016, mai lamba 936, ta umarci majalisu su jawo jama'a cikin shawara, ta ambaci taron gari, da zaman duba kasafin kuɗi, da allon sanarwa, da hanyoyin sadarwar zamani. A 2017 aka kafa Asusun Raya Zango, da ma'aikatar da tsohon ɗan majalisar Salaga, Boniface Abubakar Saddique, ya fara riƙewa. An rushe ma'aikatar a 2021, asusun ya ci gaba. Sannan a 2019, bayan kusan shekara 20 ana jan ƙafa, aka zartar da dokar 'yancin neman bayani, mai lamba 989, ta fara aiki a Janairun 2020.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu yi lissafi. Me wayar ta fi yi mana tsakaninmu da hukuma? Tun da MoMo ya zo a 2009, ta zama hanyar biya. Daga Disamba 2018 kana iya danna *929# ka sabunta katin inshorar lafiya ba tare da ka kwana a layi ba, kuma wannan sauƙi ne na gaske ga mai zama a ƙauyen da ke nesa da ofis. Amma ka lura da inda abin ya fuskanta. Hanyar da kuɗi ke bi daga aljihunka zuwa asusun gwamnati an shimfiɗe ta, ba gargada. Hanyar da tambayarka za ta bi ta dawo da amsa har yanzu turba ce. Harajin tura kuɗi ta waya, E-Levy, ya nuna haka ƙarara: an fara cire kashi 1.5 cikin 100 a Mayun 2022 duk da kukan jama'a. Mutane suka rage tura kuɗi, abin da aka tara ya gaza abin da aka zata nesa ba kusa ba, aka rage shi zuwa kashi 1 a 2023, aka soke shi a Afrilun 2025 bayan zaɓe. An ji jama'a daga ƙarshe, amma sai da suka yi magana da aljihu da ƙuri'a.

Akwai kuma tsofaffin shingaye uku da suka biyo mu cikin wayar. Na farko takarda. Daga Oktoba 2021 aka ce kowa ya haɗa layinsa da Ghana Card, a ƙarshen Mayun 2023 aka rufe miliyoyin layukan da ba a haɗa ba. Ma'ana, mai waya sai mai kati, kuma a wurin karɓar katin ne mai suna irin namu kan sha tambayar asalin kakansa, ko da gidansu ya girmi ƙasar. Na biyu harshe. Hausa ita ce harshen ciniki daga Bawku har Nima, amma ba ta cikin harsunan da gwamnati ta ɗauki nauyin koyarwa a makarantu, kuma kusan duk abin da hukuma ke turowa waya da Turanci yake zuwa. Shirin MOTECH, wanda aka fara a Kassena-Nankana a 2010 don tunatar da masu juna biyu, ya gano cewa mafi yawan mata saƙon murya da harshensu suka zaɓa a kan rubutu. Duk tsarin da ya dogara ga karanta Turanci ya bar iyayenmu mata a waje.

Na uku shi ne jita-jita, kuma Bawku ce ta fi ɗanɗana shi. Rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya samo asali tun shekarun 1950, ya sake tashi a ƙarshen 2021, ya jawo dokar hana fita da hana hawa babur, malaman makaranta da ma'aikatan jinya da yawa suka bar gari. A irin wannan hali waya takan zama ita kaɗai ce taga: da ita ake sanin ko hanya lafiya, da ita ake aika wa iyali kuɗi. Da ita kuma saƙon murya marar uba, ko tsohon hoto daga wata ƙasa, kan zagaye gari kafin la'asar. Bahaushen Bawku, wanda abincinsa ke ga kasuwa kuma yake ciniki da kowane ɓangare, shi ne ya fi kowa asara in ƙarya ta yi gudu. Magana zarar bunu ce, kuma maɓallin turawa bai da na dawowa.

Duk da haka akwai abin da ya bambanta zamaninmu da na Imam Umaru. A karon farko, amsa ta zama wajibi. Tsarin mulki ya ba kowane mutum haƙƙin neman bayani, bai taƙaita shi ga wata ƙabila ba. Doka ta 989 ta ce ka rubuta buƙatarka ga jami'in bayani na ma'aikatar, ba sai ka faɗi dalilinka ba in ba gaggawa kake nema ba. Wanda bai iya rubutu ba yana da ikon ya faɗa da baki, jami'in ya rubuta ya karanta masa. Yana da kwana 14 ya yanke hukunci. In ya hana ko ya yi shiru, sai ka ɗaukaka ƙara ga shugaban ma'aikatar, daga nan ga hukumar da aka kafa don kare wannan haƙƙi. Wasu bayanan ma ba sai an roƙa ba. Ma'aikatar kuɗi tana sa kasafin kowace majalisa a intanet, har da na Gonja ta Gabas da Yendi da Bawku, babban mai binciken kuɗi na ƙasa kuma yana fitar da rahoto duk shekara kan yadda aka kashe asusun gundumomi. Duk suna buɗuwa a wayar da ke hannun ɗanka.

Abin da ya rage shi ne mu farfaɗo da ilmin wasiƙa. A yawancin zangunanmu akwai zauren WhatsApp na masallaci, na 'yan kasuwa, na matasa, inda ake kuka kan kwata da famfo da rumfunan kasuwa har dare ya raba. Kukan da ya tsaya a zaure bai wajabta wa kowa komai ba. A zaɓi magana ɗaya. A sa ɗalibi ya buɗe kasafin majalisa ya duba ko an sa aikin, da nawa aka ware masa, ya bayyana wa jama'a da Hausa cikin saƙon murya. A ɗauki hoton wurin da kwanan wata. A rubuta tambaya gajera mai ladabi, a kai ta ofis hannu da hannu, domin har yau zuwa da kai ya fi saƙo, a nemi a buga hatimin karɓa a kan kwafi, a ɗauki hotonsa a tura zaure. A sanar da Sarkin Zango da liman da asambiliman, a ba mata wuri a cikin masu sa hannu, sannan a fara ƙirga kwanaki. Kowace majalisa tana da kwamitin karɓar koke, kuma ranar zaman tsayar da kuɗin kasuwa ba asiri ba ce.

A kuma tuna da ƙuri'ar da muke rainawa. A zaɓen majalisun gundumomi na shekarun nan, kusan mutum ɗaya cikin uku ne ke fita, alhali can ne ake yanke maganar kwata da kasuwa da makarantar unguwa. Kakanninmu sun rubuta wa sarakunan da ba dole su amsa ba, iyayenmu sun yi shiru don tsoron kada a tambaye su takarda. Mu muna da katin, muna da wayar, muna da dokar da ta sa wa amsa wa'adi. Ran da zangon Salaga ko na Yendi ko na Bawku ya ajiye fayil na tambayoyinsa, kowace da hatiminta da ranar da kwana 14 suka cika, duk wanda ya zo neman ƙuri'a zai tarar da shi a buɗe a gabansa.